Ƙunshin Maryam

Ni na koya wa Sadiya riƙe ledar lalle. Ina so a fara da wannan, don duk mai jin labarin nan ya san inda aka fito. Ƙanwata ce uwa ɗaya uba ɗaya, shekara tara na ba ta. Ni na nuna mata yadda ake naɗe leda ta yi tsini, yadda ake huda bakinta da allura, yadda ake riƙe numfashi idan za a ja dogon layi a kan hannun amarya. Sunana Ummulkhairi, amma duk Tudun Wadar Gusau Khairi mai ƙunshi ake ce mini, kuma shekara goma sha bakwai ba a yi ta biyu ba.

Da aka kai Sadiya gidan miji a Tsafe, na ce to, Allah ya ba da zaman lafiya, ta je ta riƙa lallaɓa matan can. Ba a cika shekara uku ba sai ga matan Gusau, Gusau fa, suna hawa mota su tafi Tsafe ƙunshi. Da hanyar nan da kowa ya san halin da take ciki! Su tsallake ƙofar gidana, su sayar da rai, su je wajen yarinyar da na goya. Ba zan yi muku ƙarya ba, abin ya ci ni. Ko sunanta aka ambata a gidan biki sai in ji abinci ya fita raina.

Ranar da abin ya kai ni maƙura, Hajiya Bara'atu ce ta zo, matar da na yi wa ƙunshin aurenta da na suna huɗu. Ta zauna, ta miƙo mini waya.

"Khairi, irin wanga nike so."

Na duba. Hoton hannu ne, an zana fulawa tun daga farce har gwiwar hannu, baƙi wuluk yana sheƙi. A ƙasan hoton an rubuta sunan Sadiya. Na daɗe ina kallo, Hajiya tana ta surutunta ban ji ko ɗaya ba. Na ce a raina, au, dama abin da ke ruɗin mutane ke nan? Ba wani iya zane ba ne, baƙi ne kawai. To in dai baƙi ne, za a ga baƙi.

Wanda bai san sana'armu ba, bari in gaya masa. Jan lalle ganye ne, kowa ya san shi, kakanninmu da shi suka yi ado. Baƙin kuwa ba lalle ba ne, suna kawai ya ara. Dayis ne, hodar rinin gashi da ke zuwa a 'yar kwalba, mu kwaɓa da ruwan haidirojin mu ɗura a leda mu yi zane. Da, kwalba ɗaya nake zubawa a kwaɓi. Daga ranar na koma biyu. Da na sake ganin wani hoton na Sadiya a wayar wata, na koma uku. Da ɗan yatsa nake juyawa, don cokali ba ya gaya maka kauri. Bakin leda idan ya toshe, da babban yatsa nake sharewa. Kuma duk kwaɓin da na yi sai na fara gwada shi a bayan hannuna na hagu, in ga yadda ya kama. Haka na saba tun ina budurwa, ban taɓa ganin komai ba.

Wata biyu da fara haka ƙaiƙayi ya taso tsakanin yatsuna. Na ɗauka zafi ne. Sai ƙananan ƙuraje masu ruwa suka feso a gefen yatsu, jere-jere, in na sosa su fashe, wurin ya yi ja, ya bushe, ya tsage. Wayyo, tsagewar nan! In na sa hannu a ruwan wanke-wanke sai na ciji leɓe. Yankan albasa kuwa sai da hawaye biyu. Na jiƙa bagaruwa na tsoma, na shafa toka, na shafa man shanu. Na je kemis aka ba ni wani man shafawa, kwana uku wurin ya lafa, na ce alhamdulillahi, na koma aiki. Mako bai zagayo ba ya dawo, har da ƙari.

Azumi ya kama, biki ya tsaya, ba mai zuwa ƙunshi. Hannuna ya warke sumul kamar ba a yi ba. Ana jibi Sallah mata suka cika mini tsakar gida, na yi zane tun safe har la'asar, kwana biyu a jere. Ranar idi da hannu a naɗe cikin mayafi na je masallaci. Bayan nan uwar mijina ta kwanta ciwo a Wanke, na je na yi mako biyu ina jinya, hannu ya warke. Na dawo gida na kama aiki, ya dawo.

To ku gaya mini, wane ciwo ne ya san ranar aiki? Wane ciwo ne zai bar ka ka huta, ya jira sai ka ɗauki sana'arka sannan ya kama ka, kuma a hannun da kake sana'ar da shi? Ni dai lissafina bai kai ni ko'ina ba sai wuri ɗaya: wani ne ba ya so in yi aiki. Kuma wa zai ci riba in Khairi ta ajiye leda?

Na gaya wa maigidana, Malam Shehu. Yana cin tuwo, ya ajiye lomar da ya ɗauko.

"Khairi, ki ji tsoron Allah. Ƙanwarki ce fa."

"Ƙanwar tawa ce ta kwashe mini mutane."

"Ta zo ta ja su da igiya? Ki tashi mu tafi asibiti."

"Asibiti na maganin sammu?"

Ya girgiza kai ya ci gaba da cin tuwonsa. Ni kuwa na nemi rubutu na sha, na yi hayaƙi har 'yan gida suka fara tari, na sa aka tone bakin ƙofata ko an binne wani abu. Ba a samu komai ba sai tsohon murfin kwano.

Ana cikin haka wata amarya ta zo da ƙawayenta. Na kama hannunta zan fara, ta kalli yatsuna, ta janye hannu a hankali.

"Gwaggo, ba ƙazuwa ba ce wannan?"

Ƙawayen suka kalli juna. Aka ce wai za a je a dawo, har yau ba su dawo ba. Kwana biyu bayan haka na ga hannunta a waya, da sunan Sadiya a ƙasa.

Hannun mai ƙunshi shi ne tallarta. Ba mai miƙa wa hannu mai ƙuraje hannunsa. Sai na yi dabara, kuma a lokacin har yaba wa kaina na yi. Na kwaɓa dayis mai kauri na rine yatsuna gaba ɗaya, tun daga farce har gaɓa ta biyu, na zana fulawa mai yawa a bayan hannu daidai inda ƙurajen suke. Suka ɓace a cikin baƙi, ba mai gani. Yana yi mini zafi kamar barkono, na ce shiga yake yi. Duk sanda baƙin ya fara koɗewa ƙurajen suka leƙo, sai in sake rufewa.

A makon ne wani direban motar Tsafe ya yi sallama ya miƙo ƙulli, wai in ji Sadiya. Na buɗe: kwalin safar hannu irin ta asibiti, da wani farin man shafawa marar ƙamshi a roba. Wato ta ji, labari ya kai Tsafe, har ta aiko a tabbatar. In izgili ne, ya kai. In kuma ƙarin aiki ne aka sa a cikin man, to ba ni za a yi wa ba. Da itace na ɗauki ƙullin na jefa a masai. Da yamma saƙon muryarta ya shigo wayata, minti huɗu da wani abu. Na goge ban saurara ba.

Sai yayanmu Lawwali ya kira daga Bunguɗu, ya ce an sa ranar Maryam, saura mako biyar.

Maryam ɗiyarsa ce, mai sunan Innarmu. Ni ban samu ɗiya mace ba, maza uku Allah ya ba ni, don haka duk hutun makaranta a ɗakina take yi. A gidanmu gwaggo ce ke yi wa amarya ƙunshi, haka muka taras, ba a ɗauko bare. Tun Maryam na shekara shida take miƙo mini ɗan hannunta in ɗiga mata, tana cewa, "Gwaggo Khairi, ranar aurena har nan za ki kai mini," tana nuna kafaɗa. Shekara goma sha biyar ina ajiye wani zane a kaina, ban taɓa yi wa kowa shi ba, nata ne. Amma yanzu gwaggo biyu ke riƙe leda a gidanmu.

"Yaya, wa zai yi ƙunshin?" na tambaya.

"Ke da ƙanwarki ku kun san wanga, ni mi na sani cikin lalle?"

"Ni za ni yi."

"To, Allah ya kai mu."

Ina ajiye waya na sake rine hannuna, don kada wani ya zo daga Bunguɗu ya ga ƙurji ya kai labari. Wannan karon hannun bai yi mini kara ba. Kwana biyu ya kumbura, yatsu suka yi suntum, ruwa na tsattsafowa ta cikin baƙin, ƙaiƙayin ya haura har gwiwar hannu, fatar idona ma ta tasa. Zobena na azurfa sai da aka kira maƙeri ya yanke shi. Malam Shehu bai tambaye ni ba, ya tsayar da mai keke a ƙofar gida ya ce in fito.

Likitar fata mace ce, ba za ta wuce sa'ar Sadiya ba, abin da ya fara ɓata mini rai ke nan. Ta juya hannuna ta sake juyawa. Ta tambayi sana'ata. Ta tambayi yaushe yake tashi, yaushe yake lafawa. Na ba ta labarin azumi da na Wanke, ina jira in ga ko ita ma za ta gane hannun mutum ne.

"Wato in kin bar aiki ya warke, in kin koma ya dawo," in ji ta.

"Yawwa! Kin gani ko?"

"Na gani. Wannan baƙin da ke kan ƙurajen, wa ya sa miki?"

"Ni na sa, don in rufe."

Ta ajiye biro ta dube ni. "Hajiya, sau nawa?"

"Zai kai shida."

"Innalillahi."

Ta ba ni maganin sha na kwana biyar saboda wurin ya fara ɗiban ƙwayar cuta, da na rage ƙaiƙayi, da man shafawa mai ƙarfi, ta ce safe da yamma na mako biyu kawai, kada in mayar da shi man kullum don yana cinye fata. Ta ce kada in kusanci dayis, in dawo idan wurin ya lafa a yi gwaji. Da na koma, wasu 'yan filasta ta manna mini a baya, kowace da ɗigon wani abu a ciki: na sabulu, na turare, na roba, na ƙarfen ɗan kunne, na rini, har da jan lallen da ta ce in zo da shi daga gida. Ta ce kwana biyu kada ruwa ya taɓa bayan. Ranar da aka cire, ta duba, ta ce in sake dawowa bayan kwana biyu. Ni tun kafin in koma na san akwai magana, don wuri ɗaya a ƙarƙashin kafaɗata ya hana ni sakat. Ta ɗauki hotonsa da wayata ta nuna mini. Duk sauran wuraren lafiya lau. Guda ɗaya ya yi ja ya taso, da 'yan ƙuraje masu ruwa, irin na hannuna sak.

"Wannan shi ne sinadarin da ke cikin dayis," ta ce. "Jikinki ya daɗe yana haɗuwa da shi yana haƙuri. Da kika ƙara yawansa, sai jikin ya ɗauke shi abokin gaba. Yanzu ko ɗigo ya taɓa ki, bayan kwana ɗaya ko biyu zai tashi. Ba ƙazuwa ba ce, ba ya yaɗuwa, ba kuma wanda ya yi miki."

"To a ba ni maganin da zai sa jikin ya manta."

"Babu shi. Ƙurajen za su warke, amma jikin ba ya mantawa. Maganin shi ne rabuwa da dayis, har a gashin kanki. Jan lalle bai tayar miki da komai ba, ki yi abinki, muddin ba a zuba masa wani abu ba."

Ta ci gaba da lissafo mini: in daina tsoma hannu a ruwan garin sabulu kai tsaye, in sa safar hannu ta auduga sannan ta roba a kai in zan yi wanki, in na yi alwala in tsane hannu da tsumma mai laushi in shafa farin mai marar ƙamshi, sau biyar ɗin nan kada in tsallake ko ɗaya. Ta nuna mini irin man. Shi ne dai wanda na jefa a masai. Ta ƙara da cewa dayis don gashi aka yi shi, ba don fata ba, matan da muke zana wa ma wata rana wata za ta tashi da irin wannan.

Ni duk ba wannan ke raina ba. Na ce, "Likita, ina da ƙanwa, sana'armu ɗaya, nata baƙin ya fi nawa. Ita me ya sa ba abin da ya same ta?"

"Jiki da jiki ba ɗaya ba ne. Ki tambaye ta yadda take yi."

In tambaye ta! Na fito ina huci. Wato har jikin ma nata ya fi nawa.

Amma na bi magani, don ina son hannuna ya kai ni Bunguɗu. Mako uku ban taɓa leda ba. Baƙin ya koɗe, tsagar ta haɗe, sabuwar fata ta fito. Malam Shehu da kansa yake miƙo mini robar man in na idar da alwala. Na yanke shawara da jan lalle zan yi wa Maryam, na sa aka kawo mini ganye mai kyau daga Wonaka, na daka na tankaɗe sau uku.

Saura kwana biyu ƙunshi, na kira Maryam in ji ko tana son a kai har kafaɗar. Muna cikin hira ta ce bari ta turo mini wani hoto in gani, ya burge ta. Ya shigo. Ba sai na gaya muku sunan da ke ƙasa ba.

Na zauna a bakin gado da wayar a hannu. Maryam ma? Yarinyar da na yi wa kitso, na yi wa wanka? Na hango kaina a tsakar gidan Yaya Lawwali da ɗan jan lallena, mata suna cewa ai da Sadiya aka bari. Na tashi na jawo akwatin da na ɓoye sauran dayis. Na ce sau ɗaya ne, ba zan taɓa da hannu ba. Safar robar wankina ta yi kauri, ba a jin leda da ita, sai na zura hannu a farar ledar ƙulla sikari na ɗaure da zare. Na kwaɓa kwalba uku, na ja layi a kan takarda in ga ko hannuna na nan. Yana nan. Da na kwance ledar sai na ga ta huje a kan babban yatsa, baƙi ya shiga ya kwanta har gefen manuni. Na wanke da sabulu, na goge da lemun tsami, na ce ai bai daɗe ba.

Ranar ƙunshi na sauka Bunguɗu da hantsi, hannun dama a cikin mayafi. Tun a mota yatsun biyu suke zugi. Gida ya cika, ana ta yi mini lale, "Ga Gwaggo Khairi, ga mai abin!" Na shige ɗakin matar Yaya na rufo ƙofa, na fito da sabbin kwalabe zan kwaɓa. Ban kai ga buɗe ta biyu ba aka turo ƙofa. Sadiya ce, da goyo a baya. Rabon da mu tsaya ɗaki ɗaya ni da ita tun rasuwar Inna.

"Yaya, ina wuni. Mi kike kwaɓawa?"

"Abin da kike kwaɓawa."

Ta kalli kwalaben, ta kalli hannuna. "A hannun Maryam za ki sa wanga? Ba ki ji saƙona ba?"

"Na ji ƙullinki dai, yana masai. Ke kin sa wa duniya baƙi kin yi suna, sai ni za ki hana?"

"Ni? Yaya, rabona da dayis shekara biyu."

Na yi dariya. Na ciro waya na buɗe hoton da Maryam ta turo na kai mata har hanci. "Wannan fa? Da toka kika yi shi?"

"Jan lalle ne. Ina sa mai ruwan shayi da lemun tsami, ya kwana a hannu, ya yi duhu. In na ɗauki hoto sai in ƙara mai duhu a waya don zanen ya fito. Kowa haka yake yi."

Ta kwance goyonta ta shimfiɗe a gado, ta lalubo wani hoto a tata wayar. Hannun wata amarya ce a Bilbis. Fulawar tana nan yadda aka zana ta, ganye da reshe, amma ba da baƙi ba, da ƙuraje masu ruwa, kowane layi ya taso ya kumbura.

"Ni na yi mata," in ji Sadiya. "Da wanga hannun aka kai ta ɗakin miji. Har yau tabon bai ɓace ba. Tun ranar ban sake ba, wadda ta ce sai baƙi in ce ta tafi wani wuri. Da amaryar da ta baro wurinki ta gaya mini halin da hannunki ke ciki, na san shi ne. Duk na faɗa miki a saƙon."

Ina ta kallon hoton amaryar, ina ganin hannun Maryam a wurin. Can na ce, "To in ba baƙi ba ne, me suke zuwa nema Tsafe?"

Ta sunkuyar da kai tana gyara wa jaririnta hula. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na tattara kwalaben na ƙulle a leda, na ba ta na ce ta jefa inda na jefa nata. Na fito da jan lallena na Wonaka. Ita ta kwaɓa, don ni ba na son a ga hannuna.

Aka shimfiɗa tabarma a rumfa, aka fito da Maryam, mata suka kewaye mu. Ta zauna a gabana tana murmushi, ta miƙo hannun dama. "Gwaggo, har kafaɗa fa."

Na fito da hannuna daga mayafi. Babban yatsa da manuni sun kumbura, ƙurajen sun cika da ruwa, su ne kuma yatsun da ake matsa leda da su. Na ji wata a bayana ta ce "Subhanallahi." Na yi bismilla na kama leda, na riƙe numfashi, na ɗora a wuyan hannunta na ja. Zafin ya harba har ƙwaƙwalwata. Layin ya tafi, ya yi rawa, ya karkace ya yi gefe. Ƙurji ɗaya ya fashe, ruwan ya gangaro kan ledar. Na sake matsawa, yatsun suka ƙi.

Maryam ta ɗago ta dube ni, idonta ya kawo ruwa. Shekara goma sha biyar ina jiran wannan zaman, ba Sadiya ta ƙwace mini ba, ba kowa ba, ni na huda ledar sikari da hannuna shekaranjiya.

"Sadiya," na ce, ban waiwaya ba. "Zo ki karɓa."

Ta durƙusa kusa da ni. Ta ɗauko tsumma za ta ba ni in goge layin, Maryam ta janye hannu ta ce a bar mata shi. Sadiya ta ce, "To Yaya, faɗa mini zanen, ni ban san shi ba."

Na riƙe wuyan hannun Maryam da hagu, ina faɗa tana ja. Reshe ya hau nan, ganye uku, a bar fili, a juya. Ban taɓa zama na ga Sadiya tana aiki ba tun da ta yi aure. Layinta siriri ne kamar zare, ba ya rawa, ba ta ɗaga leda sai ta kai ƙarshe. Abin da na ajiye a kaina shekara goma sha biyar yana fitowa a kan fatar Maryam, kuma ya fi yadda na ajiye shi kyau. Kishi ya taso mini, ban ɓoye wa kaina ba, ina riƙe da hannun yarinyar ina jin sa. Aka kai har kafaɗa.

Washegari da safe aka wanke lallen, ya kama ja mai duhu. Mata suka yi ta guɗa, ana ɗaukar hoto. Maryam ta ratso su ta zo inda nake zaune ina shafa farin mai a yatsu, ta durƙusa ta ɗora hannunta a cinyata.

"Gwaggo, ga naki nan a ciki, ban bari an goge ba."

Na kama wuyan hannun na juya shi wajen haske. Sadiya ta bi karkataccen layina ta fitar masa da ganye ta ko'ina, ya zama reshe cikin rassa. Na duba, na sake dubawa, Maryam tana jira in nuna mata. Ban gane wanne ne nawa ba.